Sunan Da Mannir Ya Kasa Faɗa

Da faɗa suka fara. Wata Talata ce a damina, Mannir ya shiga ɗakin karatu na wata sakandare a Tambuwal, wandonsa duk taɓo, don hanyar Kebbe ta sha ruwa. Malamin bayoloji ne, ɗan makiyaya daga Fakku, kuma kwana tara ke nan yana neman kalma guda.

Ya ga babban ƙamus a gaban wata budurwa, ya miƙa hannu zai ɗauka.

"Malam, sallama ta ƙare a garinku?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Zakiyya ke nan, malamar Turanci, ɗiyar Malam Shaihu mai karantar da manyan littattafai a zaurensa. Da ta ɗago, Mannir ya manta abin da ya kawo shi, sai da ta buga tebur.

Ya yi mata bayani. Zai gabatar da ƙasida da Turanci a taron malaman kimiyya, a kan carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke hawa bayan saniya yana cire mata kaska. Shi ya ƙoshi, ita ta huta. Turawa suna kiran irin wannan zama symbiosis.

"Amma wanga suna ne, ni kuwa aikatau nika so," ya ce. "In ce carki da saniya suna yin kaza. Na ƙago kala ukku, hedimasta ya soke su duka da jan biro."

Suka duba ƙamus, babu. Suka duba waya, ta kawo musu amsoshi barkatai.

"Ɗauki ɗaya mana, mu huta," in ji Mannir.

"A gidanmu ba a karɓar kalma sai an san inda ta fito," ta ce a fusace. "Ba ni lambarka."

Daga nan saƙonni suka fara kai da kawowa.

"Malamata, carki yana gaisuwa. An dace?"

"Ɗan Carki, ka bari in yi aikina. Kuma ka ci abinci, jiya na ga wuyanka kamar na balbela."

Mako uku tana nema. A ƙarshe ta hau mota har Sakkwato, mahaifinta ya haɗa ta da Siddiƙ, ɗan wansa kuma ɗalibinsa, wanda ya daɗe yana sonta ita ba ta so. Shi ya zauna a inuwa yana shan zoɓo, ita ta shiga laburare ta yini. Da la'asar Mannir ya ga saƙo:

"Na same ta. Symbiose. Na gan ta da idona a wani ƙamus da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ina tukuicina?"

"Tukuicinki ni ne gaba ɗaya, Malamata, in Baba ya yarda."

Malam Shaihu ya yarda Mannir ya riƙa zuwa zance. Wata biyu ana haka, kullum Malamata, Malamata. Zakiyya ba ta taɓa lura cewa ko sau ɗaya bai kira sunanta ba.

Ranar taro ɗakin ya cika. Mannir ya karanta ƙasidarsa, aka tafa. Babban baƙo, wani dakta daga Sakkwato, ya cire tabarau ya ce, "Shekara ashirin ina koyarwa ban taɓa cin karo da aikatau ɗin nan ba. Wa ya nemo maka shi?"

Mannir ya dubi Zakiyya a layi na biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani ne ya taimaka mini."

Sai Siddiƙ ya miƙe yana gyara hula. "Har Sakkwato na tafi a kanta, ranka shi daɗe."

Aka tafa wa Siddiƙ. Zakiyya ta ɗauki jakarta ta fice. Mannir ya bi ta waje, ta juyo masa.

"Wani? Ni ce wani? Mako ukku, da kuɗin motata, da ciwon idona, ka tsaya kana kallo aka tafa ma mai shan zoɓo!"

"Malamata, wallahi bakina ne ya kasa."

"Kada ka ƙara ce mini Malamata. Ka nemi wani."

Fushin mahaifinta ya fi nata. Da Mannir ya zo ban haƙuri, a tsaye ya bar shi.

"Littafin ga da nika karantarwa, ina iya faɗa maka wanda ya karantar da ni, da wanda ya karantar da shi, har mutum goma sha ɗaya," in ji Malam Shaihu. "Ba mu ɓoye ko ɗaya ba. Kai kalma guda aka ba ka, ka haɗiye mai ita. Mutumin da ya ci haƙƙin malaminsa ba ni ba shi ɗiyata. Fita!"

Mannir ya koma Fakku yana huci. Yana jin haushin Siddiƙ, yana jin haushin Turawa da suka yi suna suka ɓoye aikatau, ya fi jin haushin harshensa. Kwana biyar bai ci abin kirki ba. Mahaifiyarsa Atu ta matsa masa ya faɗa mata komai. Ta ɗaura gyale, ta sa shi ya ɗauke ta a mashin har Tambuwal.

"Malam, ɗana ka kira maci haƙƙi?" ta ce tun daga bakin zaure. "Shekara talatin da biyu ina ɗakin ubansa, sunansa bai taɓa fita bakina ba, nawa bai taɓa fita nasa ba. Mu wanda muka ɗauka da girma ba mu kama sunansa gaban jama'a. Da ya faɗi sunan yarinyar ga a taro, da ni da kaina na ce maka wasa shika yi da ita!"

Malam Shaihu ya shafa gemu. Daga bayan labule muryar Zakiyya ta fito.

"Inna, na ji. Amma kunyarsa ta ɗauki wahalata ta ba Siddiƙ."

Atu ta juya ta harari ɗanta. "Nan kam ta fi ka gaskiya. Faɗa musu. Ni zan toshe kunnena."

Aka tara ɗaliban zaure, har da Siddiƙ. Malam Shaihu ya fara da Siddiƙ. "Ƙamus ɗin da ka gani a Sakkwato, wane launi ne bangonsa?"

Siddiƙ ya ce ja, ya ce a'a kore, sannan ya nemi takalmansa.

Atu ta sa yatsu a kunnuwa ta juya wa bango fuska. Mannir ya miƙe.

"Kalmar da na karanta a taro," ya ce, "Zakiyya ce ta nemo ta. Zakiyya ɗiyar Malam Shaihu. Daga gare ta na karɓa."

"To yanzu ka zama ɗalibi," in ji Malam Shaihu. "Zauna. Ka rubuta ma daktan nan haka, sannan ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da safiyar ranar Mannir ya aika wa Zakiyya saƙo:

"Sai na riƙa faɗar sunanki kullum?"

"Sau ɗaya ya ishe ni, Ɗan Carki. Na ji, duniya ta ji. Koma ga Malamata."

Atu ta ba amarya karsana fara. Ana cikin addu'a a ƙofar gida, wani carki ya sauko ya zauna a bayan karsanar ya hau aikinsa, ba ruwansa da abin da Turawa ke kiransa. Allah ya ba ango da amarya zama irin nasu, kowa ya zama hutun ɗan'uwansa, ya albarkaci zuriyarsu. Amin.