Shaidar da Ba Ta Goguwa

Ƙarfe goma na safe aka bugo wa Sufeto waya. Hasumiyar tankin ruwa ta karye a wani sabon gini, mai aikin famfo da ke samanta ya faɗo, ko shurawa bai yi ba.

Ko da ya isa, an lulluɓe gawar da tampol. Takalmin mamacin ɗaya yana gefe cikin laka. Sufeto ya tsuguna inda ƙarfen ya rabu, ya sa farce, waldar ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Ɗan kwangila ya share gumi. "Yallaɓai, ni ba na ɗaukar mai walda sai da shaida. Ga tasa."

Ya miƙa waya. Makarantar koyon walda ta garin ta daina ba da takarda tun da masu jabu suka ishe ta. NFT take bai wa ɗalibanta, wato shaidar da ake rubutawa a bulokcen, wata rajista ta intanet da kowa zai iya leƙawa amma ba mai iya gogewa. Rajista mai arha suka zaɓa, fitar da shaida ɗaya ko kuɗin kofin shayi bai kai ba.

Shaidar ba ta jabu ba ce. Daga makullin sirri da ke cikin wayar Shugaban makarantar ta fito, da hoton waldar da ɗalibi ya yi ranar jarrabawa, sumul ba ƙuraje. Sufeto ya dubi hoton, ya dubi ƙarfen da ke gabansa, ya tsuke baki.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da mai waldar, wanda kowa ke kira Auta.

"Ka ci jarrabawa?"

"Na ci."

"Wa ya yi maka?"

"Shugaba."

"Me kake da shi?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Babana ne."

"Aikin da ke hoton nan naka ne?"

"Nawa ne, wallahi."

Saje ya shigo da kwamfuta a buɗe. Shi dai Saje, a ba shi abin latsawa an gama masa komai. "Oga, na bi duk shaidun da makarantar ta taɓa fitarwa. Hoton nan sau biyu ya fito. Na farkon shekara uku ke nan, a shaidar wata ɗaliba. Yayar wannan ce, ita ce sakatariyar makarantar yanzu."

Sufeto ya miƙe, ya ce wa Saje ya kawo mota.

Ofishin Shugaba ɗan ƙarami ne, ƙarar injin garanda mai goge ƙarfe tana shigowa ta taga. Tsohon yana zaune da baƙin tabarau, kwalbar maganin ɗiga a ido tana kusa da wayarsa. A teburin baya 'yarsa tana jera fayiloli waɗanda a jere suke tun farko.

"Ni na fitar da ita," in ji tsohon, tun ba a tambaye shi ba. "Makullina ne. Ku tafi da ni."

Sufeto ya jawo littafin jarrabawa ya buɗe. Sau biyu sunan Auta ya fito, sau biyu an ja masa jan biro. A gefe, da rubutun tsohon: Bai iya ba tukuna, kada a ba shi aikin sama.

"Baba, mutumin da ya kayar da ɗansa sau biyu ne zai koma ya ba shi shaida a ɓoye?"

"Zuciyar uba ce."

"Yaushe aka yi maka aikin ido?"

"Sha huɗu ga watan uku, da hantsi."

"Rajista ta ce sha huɗu ga watan uku, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin aka fitar da shaidar. Kana kan gadon tiyata. Wa ka bar wa wayarka?"

Fayilolin suka zube ƙasa daga hannun 'yarsa.

"Baba, ya isa haka." 'Yar ta taso, ta tsaya gaban Sufeto. "Ni ce. A bakin ɗakin tiyata na yi, wayarsa tana hannuna. Auta ya yi wata shida yana yawon neman aiki, kowa sai ya ce ina shaida. Ya zo yana min kuka. Na ce a raina ai a bakin aiki zai ƙware. Latsawa uku ce, Yallaɓai. Da abin yana da tsada ko wahala, da wataƙila na tsaya na yi tunani."

"Kin san bai iya ba?"

"Na fi kowa sani. Ni nake bi ina gyara masa aiki." Ta ɗago ta dube shi. "Mamacin yana da iyali?"

Sufeto ya so ya ce bai sani ba. "'Ya'ya uku."

Ta dafa tebur. Tsohon ya cire tabarau, hawaye yana bin idon da aka yi wa aiki. "Ɗaruruwan 'ya'yan mutane na koya wa sana'a. Nawa kuwa tsawa kawai na iya yi masa, har ya ji tsoron dawowa ya koya. Laifin daga nan ya faro."

Sufeto bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan. Ya yi wa Saje ido ya mayar da ankwa aljihu.

A bakin ƙofa ta juyo. "Yallaɓai, alfarma ɗaya. A goge shaidar nan."

"Baba zai iya fitar da wata ya ce ya soke ta," in ji Saje a hankali. "Amma ita kanta tana nan."

"Har yaushe?"

Ta wuce gaba zuwa mota, Saje yana biye. A kan tebur wayar tsohon tana kunne, sunan Auta yana sama, a ƙarƙashinsa hoton waldarta sumul, da kalma biyu: Ya ƙware.