Abin Da Ke Tsayar Da Kwamfutar Alhaji Ahmadu

An sauko daga masallacin Juma'a ke nan aka aiko wa Sufeto Mahmudu cewa an yi kisa a garejin Alhaji Ahmadu, nan bakin iyakar Jibiya. Shekarar 1979 ce, lokacin da kuɗin mai ya sa duk mai tirela uku yake jin kansa gwamna. Alhaji kuwa goma sha bakwai gare shi, suna dakon kaya tsakanin Katsina da Maraɗi.

Gawar tana ɗakin janareta, rub da ciki, ƙeya a fashe. Maharazu ne, akawun da Alhaji ya ɗauko daga Kaduna don ya riƙa sarrafa masa kwamfuta. A waje kuma ga wani dattijo an ɗaure a jikin tayar mota, baki jina-jina, yatsunsa na dama a karkace kamar busasshiyar kuɓewa.

"Wannan fa?" in ji Sufeto.

Wani dogo mai baƙin tabarau ya matso. Ummaru ne, shugaban ma'aikatan garejin, ƙanen uwargidan Alhaji.

"Abdu ne, yallabai, mai kula da janareta. Shi ya kashe shi. Makullin ɗakin na hannunshi, kuma shekaranjiya kowa ya ji suna zage-zage."

"Yatsun nasa kuma wa ya karya?"

"Jama'a ce, yallabai."

Jama'a! In mugu ya yi ta'asa a ƙasar nan, sai ya laƙa wa jama'a. Sufeto ya sa aka kwance Abdu aka kai shi ofishin 'yan sanda, ko don kada a ƙarasa shi. Kafin la'asar babbansu ya bugo waya daga Katsina: Alhaji mutum ne mai mutane, ran Litinin a kawo wanda ake zargi kotu. Abdu mutumin Maraɗi ne, Sufeto kuwa ya san ƙarshen talakan baƙo da aka kai kotu da irin wannan zargi. Igiya ce.

Ya samu Alhaji a ofishinsa yana shan lemo. Kwamfutar tana kan tebur, fuskarta kamar ƙaramar talabijin, haruffa sun daskare a kai.

"Me take yi maka?"

"Sunayen direbobi, lambar mota, wace ta tafi, wace ta dawo. Daga nan har Kano babu mai irinta," in ji Alhaji. "Amma wata uku ke nan tana tsayawa haka kawai, aikin yini guda ya tafi a banza. Kuma ba ta yi sai na ba da baya! Ashe yaron wasa yake da ita in ba na nan. Sau biyu ina kwaɗa masa mari gaban direbobi."

"An kashe shi, Alhaji."

"Na sani. Allah ya jiƙansa. Yanzu wa zai tada min ita?"

Sufeto ya tashi ya fita.

Washegari da hantsi ya je gidan mamacin. Matarsa Barira tana zaune cikin mata masu ta'aziyya, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta aiko masa da wani ƙaramin littafi mai bangon kwali.

Ta bayan labule ta ce, "Shi ke hana shi cin tuwo, ranka ya daɗe. Ya ce sai ya gano ciwon na'urar nan, don Alhaji ya san ba laifinsa ba ne."

Bawan Allah ya yi aiki, ba ƙarya. Duk tsayawar da kwamfutar ta yi ya rubuta rana da lokaci, ya rubuta abin da ya gwada. Ya sauya faifai, ta sake tsayawa. Ya buɗe ta ya share ƙura da burushi, ya danna ƙananan sassanta ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya saki, ta sake. Ya zaci zafin bazara ne, ya kafa mata fanka. Ya sauya fulogi. Sai ya koma yana ba ta dogon aiki ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar ta sandare. A shafi na ƙarshe ya rubuta: "Ba zafi ba ne, ba faifai ba ne. Duk sanda ta tsaya, fanka tana rage gudu. Wani yana jan wuta."

Sufeto ya bi ranakun da yatsa. Juma'a lokacin salla. Lahadi, ranar kasuwar Jibiya. Sauran kuwa warwatse suke, sai dai Maharazu ya sa 'yar alama a gefen kowace: Alhaji ya yi tafiya. Wato kwamfutar ba ta tsayawa sai gareji ya zama babu ido.

Ya koma ofis ya sa aka fito da Abdu. Hannun ya kumbura suntum, dattijon yana riƙe da shi da ɗaya hannun.

"Me ya haɗa ku faɗa da Maharazu?"

"Shi ya ce injina ke rage wuta, ni na ce na'urarshi ke shanye ta. Iyakarta ke nan, yallabai. Shekara ashirin da na baro Maraɗi, ban taɓa kashe ko ƙadangare ba."

"Injin yana sauya kuka?"

"Yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodi, ya saki, ya sake nishi."

"Me ke sa inji haka?"

"Walda, yallabai. Amma babu walda a garejinmu, Katsina Alhaji ke aika motoci."

"Ran Juma'a ina ka bar makulli?"

"A ƙusar bayan ƙofa. Ba a kashe injin saboda firjin Alhaji, sai in rataye in tahi masallaci. Kowa ya sani."

"Wa ya riƙe ƙarfen da aka karya maka yatsu da shi?"

Abdu ya sunkuyar da kai. Sufeto ya tuna mai baƙin tabarau da ya laƙa wa jama'a.

Ran Lahadi, gari ya watse kasuwa, Sufeto da sajansa suka zagaya bayan ɗakin janareta. Can ƙasa, inda aka jingina tsofaffin tayoyi, suka ga waya mai kauri ta nutse cikin ƙasa. Suka bi ta da tono. Ta ratsa ƙarƙashin katanga, ta ɓulla cikin wani tsohon sito na gyaɗa da kowa ya ɗauka kango ne. Saje ya ɓalle kwaɗon.

Ga injin walda, ga tankuna biyu da ba a gama haɗawa ba, ga guduma an wanke ta fes a ɗakin da komai ya yi baƙi da maiƙo. An wanke guduma, amma an manta da wani buhu mai jini da aka ja gawa a kai. Suka leƙa ƙarƙashin tirelar da aka ajiye jikin siton, sai ga ƙarin tanki an liƙe da walda, an shafa masa laka.

Sufeto ya sa aka kira Alhaji da Ummaru ofishin garejin. Ya kunna fankar da Maharazu ya kafa, ya yi wa saje ihu ta taga ya dangwala walda. Nan take fanka ta yi sanyi, ƙwan lantarki ya yi ja, janareta ya hau nishi. Da saje ya ɗaga hannu komai ya dawo.

"Ga ciwon kwamfutarka, Alhaji. Wanda ka mara shi ya gano shi." Ya juya. "Ummaru, ina ka yi sallar Juma'a?"

"Masallacin Magama, yallabai."

"Haka aka ce min a gidanka, amma limamin Magama ya ce rabonsa da kai tun sallar layya. Cire tabarau."

Ummaru ya cire da ƙyar. Idanun jawur, suna ta zubar ruwa.

"Afolo ne, yallabai. Yana yawo a gari."

"Afolo in ya shiga gida ba ya barin ko jariri. Na biya gidanka ɗazu, matarka da 'ya'yanka biyar idonsu garau. Wannan idon mai walda ne da ya raina garkuwar fuska. Dubi ƙafar wandonka, tartsatsi ya huda ta kamar rariya."

Ummaru ya dubi Alhaji, Alhaji ya kau da kai. Nan fa Ummaru ya fara zuba.

"Fetur nake ƙetarar da shi Maraɗi a motocin Alhaji," in ji shi. "Nan kamar ruwa yake, can kamar zinariya. Ran Juma'a yaron ya ƙi tafiya masallaci da wuri, ya bi waya har ya same ni. Na ce in ba shi rabo, ya ƙi. Wai shi dai Alhaji ya san ba laifinsa ba ne. Ya juya zai fita, na ɗauki guduma."

"Abdu fa, me ya yi maka?"

"Makullinshi ke rataye, kuma ba shi da kowa a garin nan."

"Yatsun?"

"Don jama'a su yarda."

Wallahi Sufeto ya sha ganin miyagu, amma bai taɓa ɗaura wa irin wannan ankwa ba sai ranar. Aka tusa ƙeyar Ummaru cikin Landiroba, 'yan kasuwa masu dawowa suna ta tofin Allah tsine. Cikinsu har da waɗanda suka taya shi riƙe Abdu shekaranjiya.

Sufeto ya ce, "Alhaji, mutuminka zai fito yau. Yana bukatar asibiti."

"Wane mutumina? Na riga na aika Katsina a kawo min wani. Me zan yi da makanike marar yatsu?"

Da la'asar Sufeto da kansa ya buɗe wa Abdu ƙofa. Ya gaya masa an kama Ummaru, babu kotu, babu igiya. Dattijon ya yi hamdala sau uku, hawaye na bin gemunsa. Sai ya tambayi ƙarfe nawa ne, wai lokacin zuba wa inji baƙin mai ya yi, kada Alhaji ya yi faɗa.

Sufeto ya juya ya kira saje. Saje ya turo takardar sallama da tawada, ya ce a dangwala babban yatsa. Abdu ya miƙo hannun dama bisa sabo, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Saje ya ture hannun gefe, ya jawo na hagu ya dangwala.