Ƙoƙon Ƙasar Tunga

Amatullahi na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince tsakuwa daga shinkafa, ciki ya yi mata nauyi har sai da ta ajiye faifan a gefe, sa'ad da surukarta Inna Gudiya ta shigo ta hango ƙullin kaya a bayanta. Tsohuwar ta dubi ƙullin, ta dubi yarinyar, ta tambayi inda aka nufa.

"Inna, wata bakwai ya cika. Baba ya aiko a kai ni Aliero goyon ciki tun gulbi bai kawo ba."

"Maida kayanga ɗaki," in ji Gudiya. "In anka ƙare dashen shinkahwa sai a yi magana."

Tungar Barau tsibiri ne a tsakiyar gulbi, can ƙasa da Jega, 'yan gidajen masunta da masallaci ɗaya. Babu kanti, babu makaranta, ko allurar zazzaɓi sai an ƙetare. Da rani mutum kan naɗe wando ya taka ruwan ya wuce, amma in damina ta yi nisa gulbi ya kawo, gwanin jirgi ma sai ya yi salati kafin ya ɗauki gwangwala. Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi ba a lokacin, rediyo na ta alkawarin hanyoyi da gadoji, mutanen tunga na saurare suna gyaran komar kamun kifi.

Amatullahi ba 'yar ruwa ba ce. Ɗiyar Malam Magaji ce, manomin albasa a Aliero, kuma so ne ya kawo ta. A kasuwar Jega ta fara ganin Waliyyu da kwandon kifi, daga nan ya riƙa zuwa zance da ƙafar wando a jiƙe har ƙawayenta suka sa masa suna Ɗan Kada. Malam Magaji ya daɗe yana cewa ba zai kai ɗiyarsa inda ba a zuwa da ƙafa ba. Da ya ga yarinya ta rame, sai ya sakko, bisa sharaɗi guda: in ta sami ciki, a gabansa za ta haihu. Waliyyu ya ɗauki alkawari a gaban shaidu.

Ita kuwa Gudiya, Allah ya sani ba muguwa ba ce, don tsokar kifi mafi kyau surukarta take ajiye wa. Tsoro ne ya cika mata ciki. A tunga, in an haifi ɗa, bayan ɗakin uwarsa ake binne mabiyiya, kuma sun yi imani inda mabiyiyar mutum take can zuciyarsa take. Manyan 'ya'yanta biyu, Sahabi da Jibrin, a gidan iyayenta a ƙetare ta haife su, dukansu sun tafi Ikko, ko jana'izar ubansu ba su zo ba. Waliyyu kaɗai ta haifa a tunga, shi kaɗai ya zauna. To wa ya isa ya cire wannan daga kan tsohuwa?

Da la'asar Amatullahi ta sami mijinta yana ɗinkin koma, ta durƙusa da ƙyar. Ta tuna masa ranar da ya kai ta awo Jega, sista ta ce ɗan a gicciye yake, kada ta kuskura ta haihu nesa da asibiti. Waliyyu bai iya ɗaga kai ba. Ya gaya mata Inna ta rantse in ya ƙetare da ita ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya nuna mata bishiyar giyayya da ke bakin mashaya, wadda da ita mutanen tunga ke auna ruwa, ya ce muddin gulbi bai taɓa reshenta na ƙasa ba ana ƙetarewa lafiya, zai lallashi Inna kafin nan.

"Amatu, ƙara min haƙuri sati guda."

Ta yi haƙurin, tana kuka a ɓoye. Sati ya haifi sati. Aka gama dashe, Gudiya ta ce a bari wata ya tsaya, wata ya tsaya ta ce ƙafarta na ciwo. Kullum da safe Waliyyu kan je ya duba giyayya ya dawo ya ce da saura, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwan da ya ci su ba a kansu ya sauka ba. Sama garau take a tunga, can ƙasar Zamfara aka tafka shi. Gari na wayewa suka ga gulbi ja wur, yana tafe da itatuwa da matattun awaki, reshen giyayya kuwa ko alamarsa babu. Kafin azahar ruwa ya shiga ɗakuna, shinkafar da aka dasa ta nutse, mutane suka kwashi yara da kaji suka taru a tudun masallaci. A ranar naƙuda ta kama Amatullahi.

Laraba ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani. Aka ba ta rubutu, aka ba ta jiƙo, aka kare ta da zannuwa a kan gadon kara da aka ɗora bisa turame. Ta yi ihu har muryarta ta dushe, ta koma kiran sunan uwarta a hankali. A safiya ta uku Laraba ta fito ta ce wannan ya fi ƙarfinta.

Wannan karon Waliyyu bai nemi izinin kowa ba. Ya sungumi matarsa ya sa a jirgi. Gudiya ta biyo shi cikin ruwa har ƙugu, kowa ya zaci hana shi za ta yi, sai ta haye ta zauna wajen ƙafafun yarinyar da ɗan ƙoƙo a hannu. Igiyar ruwa na jefa musu ruwa a jirgi, tana kwarfewa da ƙoƙon, hawaye na bin fuskarta. Gulbi ya ja su nesa da mashaya kafin su kama gaɓa. Daga nan aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin kwalta, wata motar albasa ta kai su Jega.

Aka yi mata tiyata, aka ceto ta da ƙyar. Ɗan namiji ne, kyakkyawa, amma ya riga ya cika.

Gudiya ta roƙi a ba ta gawar ta kai tunga, ko ba komai ya kwanta kusa da kakansa. Waliyyu ya dube ta da jajayen idanu.

"Inna, ina ƙasar da za a sa shi? Tunga duk ruwa ta."

A maƙabartar Jega aka binne shi, cikin baƙi.

Malam Magaji bai yi faɗa a asibiti ba. Ya ɗauki ɗiyarsa ya kai Aliero, ya aika wa Waliyyu cewa wanda ya karya alkawari a gaban shaidu ba surukinsa ba ne, ya sake ta. Amatullahi ta yi wankan jego ba jariri, nono na zuba, ba mai sha. Ta ji haushin mijinta ƙwarai, wani lokaci har takan ce ba ta son ganinsa. Amma in ta rufe ido, shi take gani tsaye a jirgi yana kokawa da gulbi, tafin hannunsa na jini. Ta gaya wa ubanta ba za ta saɓa masa ba, ba kuma za ta nemi saki da bakinta ba.

Waliyyu ya ƙi saki. Da rani ya yi, ya rataye komarsa ya zo Aliero ya shiga cikin 'yan ƙodagon da ke ban ruwa a gonar Malam Magaji. Masunci ne, bai san irin albasa da ciyawa ba, aka yi ta yi masa dariya har ya gode Allah. Malam kan wuce shi kamar ya wuce kututture. Haka ya yi rani guda yana gaishe shi ba amsa, yana kwana a zauren mutane, matarsa na jin labarinsa daga bakin mata masu kai abinci gona.

Ranar da ake zuba albasa a rudu, rumfar ajiyarta, sai ga Gudiya da sanda, ta tako tun daga bakin kwalta. Ta girmi Malam Magaji nesa ba kusa ba, amma ta zube a gabansa a gaban 'yan ƙodago.

"Malam, ɗana bai karya alkawari ba, ni nik karya mashi. Ni nir riƙe ta har jikana yam mutu. In hukunci za ka yi, ga ni."

Malam ya ce a ɗaga tsohuwa, a kira Waliyyu ya sha ruwa a cikin gida. Bayan sallah Amatullahi ta koma tunga.

Bayan shekara biyu ta sake samun ciki. Bai ko cika wata shida ba, ana tsakiyar rani, Gudiya ta ɗaure mata kaya da hannunta ta rako ta Aliero. A ƙullin tsohuwar akwai ƙoƙon nan, cike da ƙasar bayan ɗakin Amatullahi. Aka haifi mace a asibitin Jega, aka sa mata Fa'iza. Da aka haƙa ramin mabiyiya a gidan Malam Magaji, Gudiya ta juye ƙasar tunga a ciki ta rufe.

Amatullahi ta tambaye ta cikin tsokana, in yarinyar ta girma ta tafi duk da haka fa?

"Ta tahi, ɗiyata," in ji Gudiya, tana gyara wa jaririyar zane. "Mai rai ka tahiya, mai rai ka dawowa. Wancan da nis so in ɗaure, ko tahiyar bai samu yi ba."

Amatullahi ta rungume ɗiyarta ta yi kuka, na wanda ya tafi da na wadda ta zo. Haƙuri ya mayar mata da mijinta da gidanta, amma bai mayar da wanda ke kwance a Jega ba. Don haka iyaye a yi hattara: al'ada abar riƙewa ce, amma in ta zo gaba da rai, a sassauta mata tun gulbi bai kawo ba.