Rumbun da Dayyabu Ya Sa wa Sunansa

Ku matso kusa. Kai Sagir, kife wayar nan.

Dayyabu injiniya ne a wani kamfanin sadarwa a Kaduna. Shi ke kula da ɗakin sanyi, inda manyan kwamfutoci suke jere cikin kabad na ƙarfe. Ya daɗe a wurin. Sai aka sayo wata manhaja mai juya kwamfutocin da kanta, ta tashe su, ta gyara su, ba hannun kowa. Oga ya ce Barira ce za ta girka ta. Barira, wadda ta zo bayansa.

Ya ce mata, "Allah ya sanya alheri." Amma abin ya tsaya masa a rai.

Manhajar tana da sharaɗi. Sai an ba ta rumbun bayanai nata na kanta, fanko, da sunan mutum ɗaya a matsayin mai shi. Barira tana jiran a kawo sabo. Dayyabu ya ce a ransa, kafin ya iso na riga ta.

Ran Juma'a, rana tsaka, kowa ya watse. Shi ko masallaci bai je ba. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin. Babu takalmin kowa a wurin.

Ya duba rumbunan duka. Kowanne a cike.

"Fanko kake nema?"

Wani dattijo ne zaune a ƙarshen layi, cikin farar riga. Bakinsa ya motsa a gaban Dayyabu. Muryar kuwa ta bayan ƙeyar Dayyabu ta fito.

"Baba, ta ina ka shigo?"

"Na riga ginin nan zuwa. Duba allon kwamfutarka."

Ya duba. Ga wani rumbu da bai taɓa gani ba. Wayam. Girmansa ba iyaka.

Dattijon ya ce, "Saura sunan mai shi. Sa na yarinyar."

"Don me?"

"Ita nake so. Aikinta da tsabta."

Nan tsoro ya bar Dayyabu. Har wannan tsohon ma Barira yake yabo? Ya ja kujera, ya rubuta sunansa.

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. "To. Kai ka zaɓa."

Tsohon ya miƙe. A nan Dayyabu ya ga ƙafafun. Dugadugai a gaba, yatsu a baya. Ya kwasa da gudu, ba takalmi.

Manhaja ta kama aiki kamar ruwa. Oga ya yabe shi a gaban kowa. Barira ta ce, "Barka, Yaya Dayyabu. Amma wane rumbu ka ba ta? Na duba ban gan shi ba."

Dariya kawai ya yi mata.

Dariyar ba ta daɗe ba. Duk sa'ad da manhajar ta tashi wata kwamfuta, sai Dayyabu ya miƙe zumbur. Ko yana cin abinci. Ko yana sujada. Yatsunsa su hau bugun iska. Rannan a kan babur abin ya kama shi, saura ƙiris tirela ta bi ta kansa. Ya rame, idanu suka zurma.

Ya je wurin Barira ya faɗa mata komai. "Ki cire sunana, don Allah."

Ta zauna ta gwada, ta sake gwadawa. Ta ce, "Rumbun ya ƙi. Sai an ba shi wani suna a madadin naka." Ta ɗago ta dube shi. "In sa nawa?"

Sai ya ji numfashi a bayan ƙeyarsa, mai sanyi, yana jira.

Ya dubi hannunta a kan madannai. Bakinsa ya buɗe.

"A'a. Kashe manhajar gaba ɗaya."

Ta yi bisimilla ta goge manhajar. Wani kabad can ƙarshen layi ya girgiza, ya yi shiru.

Oga bai saurari bayani ba, ya sallame shi. Yanzu Dayyabu gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. In ka gaisa da shi za ka ji hannunsa na dama kamar ƙanƙara, ko a tsakiyar bazara.

Don haka kar in ji ɗayanku ya shiga ɗakin sanyi shi kaɗai da rana tsaka. Ku tashi ku kwanta. Sagir, raka ƙanwarka.