Gidan da Ba a Gwada Ba

Rana ta kusa faɗuwa, hasken da ya rage a tsakar gida ya yi ja kamar tsatsa. Umma tana kwashe shanya daga igiya. Auta, 'yarta ta ƙarshe, tana wanke kofuna a bakin famfo. Baffa, ƙanin marigayi mai gidan, yana kan benci yana ɓamɓare busasshen siminti daga yatsunsa, don shi magini ne.

"Auta, wanke kofin kike yi ko hira kuke?" in ji Baffa.

"Ai ya fi ka saurare, Baffa."

Umma ta yi ɗan murmushi, irin wanda aka daina gani a fuskarta tun da aka yi rashin.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangaro a hankali, ya dire kusa da ƙafar Auta. Baƙi ne, jiƙaƙƙe, yana ɗoyi, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba. Wan Auta ya fita layi ya duba. Babu kowa, sai murfin ƙarfen ramin titi yana kwance inda yake kullum.

Wannan murfin Baba, mai gidan, ya ɗaga ranar da bai dawo ba. Shi ma'aikacin magudanan gari ne. A ƙarƙashin titi hanyoyi biyu ne, bututun da ke kwashe najasar gidaje, da babbar magudanar da ke kai ruwan sama rafi, kuma bai kamata su haɗu ba. Amma bututun unguwar sun tsufa. Najasa ta fara shiga magudanar, yaran bakin rafi suka fara kwanciya ciwo, aka ce Baba ya gano ta inda take shiga. Ya bi gida gida yana zuba koren garin rini a masai, ya sauka rami da tocila ya jira ko koren zai ɓullo. Bai ɓullo ba. Da abin ya ishe shi ya kutsa can ciki da kansa, inda tururin ƙazanta ya taru. Da igiya aka jawo shi.

Daga wannan yammacin jifa ba ta tsaya ba. Da zarar inuwa ta cika tsakar gida, duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Daga baya aka fara jin kuka a ƙarƙashin daɓe, siriri, kamar na jarirai marasa lafiya.

Wata magariba Auta ta shiga banɗaki ɗauko bokiti, ta daɗe. Da ta fito, a duƙe ta fito, tana jan ƙafa kamar tsohuwa. Ta zauna a tsakiyar simintin tsakar gida ta ɗora tafin hannunta a ƙasa. Ta daina ci. Ta daina amsa kira. In an kai mata ruwa ta shinshina ta kau da kai. A asibiti aka auna ta aka ce ba a ga komai ba, ita kuwa kullum ƙara zubewa take, har wuyanta ya koma kamar na tsuntsu.

"Mu tashi daga gidan nan kawai," in ji Baffa. "Gidan ne ba shi da kyau."

"A nan ya bar mu," in ji Umma. Ta aika ɗanta ya kira malam.

Malamin tsoho ne, ba ya ɗaga murya. Ya zo dab da faɗuwar rana, ya zauna gefen yarinyar, wanta ya riƙe mata kafaɗu. Ya yi ta karatu har tsuntsaye suka yi shiru. Sannan Auta ta ɗago, muryar da ta fito daga bakinta mai kauri ce, kamar daga ƙasan rijiya.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Ina ƙasan titin nan tun kafin a zuba masa kwalta."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Me nawa yaran suka yi? Ruwan sama muke sha. Yanzu safe da yamma ƙazanta ake zuba mana a ka." Ta juya idon Auta wajen Umma. "Mijinki kaɗai ke mana sallama in ya ɗaga murfi. Ya ce mu yi haƙuri, zai gano wurin. Na yarda da shi. Ya zo ya mutu a ƙofar ɗakina, ƙazanta ba ta tsaya ba. Sai na bi ta da kaina, na bi, na bi, na ɓullo a gidansa."

"Ba gidan nan ba," in ji Umma. "Namu bututun sabo ne. Baffan yara ne ya sa shi da hannunsa."

Aljanar ta yi dariya da bakin Auta, dariyar ba daɗin ji.

"Tambayi mai siminti. Tsohon bututun ya rube a ƙasa. Ƙyuyar tono ta hana shi canzawa, ya karkata bakinsa zuwa wurina, ya shafe sama sumul, ya ce wa wansa an gama. Mijinki ya gwada gidan kowa. Nasa ya tsallake."

Baffa ya miƙe. "Malam, aljani maƙaryaci ne, kai ma ka sani."

"Na sani," in ji malam. "Ba zan ɗauki maganarta ba. Taka ma ba zan ɗauka ba. Akwai sauran garin rinin nan?"

Akwai, a jakar aikin Baba da ke rataye bayan ƙofa. Wan Auta ya zuba shi a masai ya bi da ruwa. Umma ta yafa mayafi ta fita titi, maƙwabta suka taya ɗaga murfin, ɗanta ya haska tocila. Suka zuba ido. Can sai ga rinin yana silalowa ta bangon magudanar, kore shar, a hankali, kamar mai jin kunyar fitowa.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida, ta tsaya gaban ƙanin mijinta.

Baffa ya ce, "Matar Yaya, na so in faɗa masa. Kullum ina cewa gobe."

"Kullum da safe kana zaune a kan bencin nan yana sa takalmin roba," in ji ta. "Kana ce masa Allah ya ba da sa'a."

"Ku ba ni shi," in ji muryar. "In bar muku yarinya."

"Ba a musayar mutum," in ji malam. "Za a tone, a sa sabo, a toshe hanyar da ke zuba wurinki. Ki fita yanzu."

"An taɓa yi mini alkawari a gidan nan."

"Wanda ya yi miki shi bai saɓa ba. Ransa ya bayar."

Muryar ta yi laushi. "Haka ne. To ba zan jira baki ba. In na ji diga ta fasa simintin nan, na tafi. In aka sake rufe mini ƙarya, ba jifa zan yi ba."

Wan Auta ya ɗauko diga. Wannan Baffan ne ya koya masa hawan keke, shi ya riƙe shi a bakin kabarin Baba. Bai dubi fuskarsa ba. Ya ajiye digar a gabansa ya ja baya.

Baffa ya ɗaga ya sara. Simintin ya tsage, ɗoyi ya taso ya cika gidan. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun Umma.

Aka kai ta ɗaki. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido, nata idon, ta nemi ruwa ta shanye kofin duka. Daga waje ƙarar digar tana shigowa, tana tsayawa, tana dawowa.

"Wa ke tono a tsakar gida?" ta tambaya da 'yar muryarta.

Umma ta sunkuyar da kai. Wanta ya gyara mata bargo.

"Wani magini ne," ya ce. "In ya gama zai tafi."