Ranar Da Ta Ƙi Faɗuwa

Ranar Arfa ce labarin ya iske Hureira, tana ɗan falonsu na unguwar Sri Petaling a Kuala Lumpur, Malaysia, ko kofin da ta sha ruwa da shi ba ta wanke ba.

Da la'asar sun yi faɗa da Abdulwahidu a waya. Jami'arsu da ke titin Jalan Semarak ce ta tura shi taro Helsinki, babban birnin Finland, shi da abokin karatunsa Al-Amin. An gama taro, aka ce yau za a zaga da baƙi su ga gari. Ya kira ta a bidiyo yana ta washe baki.

"Hurerata, kalli cocin nan fari fat! Ga mai yi mana jagora can da 'yar tutarta. Daga nan sai kasuwar kifi a bakin teku, sannan mu hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai ganuwa..."

Ita ba coci take kallo ba, leɓensa take kallo.

"Abban Afnan, azumi kake?"

"Arfa ce fa, Hure."

"Da ciwon sugan naka? Kai da bakinka ka ce min ranar garin nan ba ta faɗuwa sai mutane sun yi barci!"

"Ai da sanyi, ko ƙishi ba na ji."

"Nafila ce! Kuma kai matafiyi ne! Ni da ban yi boko ba na san wannan. Ga dabino nan na sa maka a aljihun jaka, ka ci!"

"Haba rabin raina, relax lah..."

"Kar ka ce min lah irin ta 'yan Malaysia! To in ba za ka karya ba, ka bi agogonmu na nan. In an kira magariba a Malaysia ka sha ruwa."

Ya yi dariya. "Wane malami ya ba ki wannan fatawar?"

"Malamin da ya kwana a kanka a asibiti bara!"

Ta katse, ta kashe wayar gaba ɗaya ta cusa ƙarƙashin filo. Ta koma kicin tana buga tukwane, har Afnan, 'yarsu, ta leƙo tana tambaya da yaren garin, "Ummi marah?"

"Eh, fushi nake! Ubanki taurin kai gare shi kamar ƙashin raƙumi."

Sai da ta sha ruwa ta yi sallah sannan zuciyarta ta ɗan sauka, ta kunna wayar. Kiran Al-Amin ne ya fara shigowa.

"Maman Afnan... ki ce innalillahi..."

"Ba shi wayar."

"Ya faɗi a jirgin ruwa. Kafin a kai shi asibiti..."

"Na ce ka ba shi wayar!"

Washegari mutane na ta Barka da Sallah, ita tana zaune cikin matan unguwa da zanen takaba. Atamfar da ta saya musu anko a kasuwar titin Jalan Tuanku Abdul Rahman tana rataye a bayan ƙofa. A can Helsinki aka yi masa sutura, a maƙabartar Musulmi, ba ta ga ko yatsansa ba.

Matan suna cewa, "Kin ji daɗi, Hureira, da azumi a bakinsa ya tafi, ranar Arfa."

Ta kan sunkuyar da kai ta ce amin. A ciki kuwa wuta ce. Ta san kwana ne ya ƙare, ba ta ja da Ubangiji. Da Abdulwahidu take ja. Abu ɗaya ke cin ta: shin maganarta ta ƙarshe ta shiga kunnensa, ko dariya ya ci gaba da yi mata har ya faɗi?

Da Al-Amin ya dawo ya kawo jakar mamacin, bakin ƙofa ya tsaya, matarsa Murja ta shiga da ita.

Hureira ta ɗaga murya daga bayan labule. "Malam Al-Amin, kana tsaye kana kallon gine-gine, ɗan uwanka yana bushewa a gefenka?"

"Wallahi na yi masa magana..."

"Magana! Da ka danne shi ka ɗura masa! Me ya ce bayan na kashe waya? Ka faɗa min gaskiya, kar ka yi min kwaskwarima."

Ya amsa daga bakin ƙofa.

"Da muka hau jirgi sai ya ciro dabino ɗaya, ya mayar da agogonsa lokacin Malaysia. Ya ce min, 'Hure ta fi ni gaskiya. In ta kai ruwa baki, ni ma zan kai.' Jagorar tana ta bayanin tsibiri, shi agogo yake kallo."

"Ya ci?"

"Saura kaɗan a kira sallah a nan... A hannunsa muka samu dabinon."

Kukan da ta riƙe tun ranar Sallah ya ɓalle, amma da masifa ya fito.

"Kin ji ko, Murja? Kin ji irin mutumin da na aura? Ko biyayyar da zai yi min sai ya sa mata lokaci! Ina ruwan dabino da agogo? Ka ci mana, Abban Afnan! Ka ci mana!"

Murja ta rungume ta, Hureira tana dukan jakar da hannu biyu, sannan ta kifa fuska a kai tana shaƙar turarensa.

Yanzu ta fita takaba, ta koma Kano da Afnan. Amma wayarta har yau da ƙararrawar magaribar Kuala Lumpur. Tana kaɗawa gab da azahar, rana na dukan tsakar gida, sai Hureira ta ajiye abin da take yi, ta ɗauki dabino ɗaya.

"To, lokaci ya yi, mai taurin kai," in ji ta.

Ta yi bisimilla, ta ci.