Allon Canji

Tun kafin Yaya ta cire takalmi a ƙofar falon Umma ta san yau da ita za a yi. Ta gaishe da mahaifiyarta, aka amsa mata a daƙile. Kawu na zaune a kujerar marigayi Baba, ya harɗe ƙafa yana kaɗa makullin mota. Auta kuwa, ƙaninta ɗan shekara goma sha shida, yana kwance a ƙasa da ƙanƙara a guiwa, ko safar wasa bai cire ba.

Laifin na mijinta ne, amma a gidan nan ba a bambanta su. Shi ne kocin matasa a babban kulob ɗin garin, Auta kuma a hannunsa yake, ɗan wasan tsakiya mai lamba takwas. Yaron akwai ido. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda zai aika ta. Sai dai kowane wasa, da an ci awa ɗaya, sai a ɗaga allon canji da lamba takwas, ko da shi ke riƙe da filin. Yau ma haka aka yi. Ga shi labari ya iso cewa kocin manya ya nemi a ba shi yaron, mijin nata, da kowa ke kira Koci, ya ce a jira baɗi.

"Ke ce matarsa," in ji Umma. "In baƙin ciki yake yi da mu, ki faɗa mana mu sani."

Kawu ya karɓe zancen. Ya ce ai abin a fili yake: mutumin da guiwa ta kashe wa wasa tun bai kai ko'ina ba, ina zai so ya ga wani ya wuce shi? Yaya ta san tabon da ke guiwar mijinta, ita ke shafa masa magani in sanyi ya taso. Amma magana in an maimaita ta a gaban uwa, sai ta fara kama da gaskiya.

Da ta koma gida ta same shi yana wanke takalman wasa a bakin famfo. Ya ɗago yana murmushi, ya ce, "Yaya, yau hukuncin me aka yanke mini?" Haka yake kiranta don tsokana, tun da ya ji duk gidansu da sunan suke kiranta.

Ba ta yi dariya ba. Ya goge hannu ya yi mata bayani a natse. Ya ce ɗan tsakiya ya fi kowa gudu a fili, Auta kuma a bana kaɗai ya ƙara tsawon taƙi guda, ƙashi ya riga jijiya girma. In ya wuce awa ɗaya ƙafar ta gaji, sai ta fara sauka a karkace, shi yaron bai sani ba, 'yan kallo ma ba su gani. Ɗanyen kasko ne, ba ya kai ruwa ban ɗaki.

"Ko dai don kai ba ka kai ba ne?"

Maganar ta fita kafin ta tare ta. Koci ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, sannan ya sunkuya ya ci gaba da wankinsa. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Ba a yi nisa ba Kawu ya zo da wani ejan, dillalin 'yan wasa, mai ƙamshin turare da zaƙin baki. Wani babban kulob a wani gari zai ɗauki Auta, kai tsaye cikin manya, ba benci, ba jira. Yaron ya yi ta nuƙu-nuƙu, don yana son Koci. Aka turo masa Yaya, tunda ita ta goye shi, maganarta kaɗai yake ji. Ta zauna kusa da shi ta ce ya tafi, sa'a ba ta ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Ita ma daga ranar ta tattara kayanta ta dawo ɗakin Umma, wai har sai mijinta ya gane kurensa.

Koci bai hana ba. A bakin mota ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "In guiwa ta yi maka zafi, ka ɗaga hannu a canza ka. Ba abin kunya ba ne."

Da farko kam, kamar Kawu ne mai gaskiya. Auta na buga wasa biyu a mako, daga busar farko har ta ƙarshe. Hotonsa ya cika wayoyi, Kawu na maƙale a gefensa yana washe baki kamar shi ya haife shi. Duk wannan lokacin Koci bai fasa zuwa gaishe da Umma ba. Sai ya durƙusa a bakin ƙofa, a amsa masa da hanci, ya tambayi lafiyar matarsa, a ce tana barci. Tana jin sa daga bayan labule. Tana son shi, abin da ya fi ci mata rai ke nan, amma girman kai ya riƙe mata ƙafa.

A talabijin ɗin falon Umma ta ga abin. Wasa ya kusa tashi, Auta ya karɓi ƙwallo zai juya, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya zube yana dukan ciyawa da hannu. Umma ta yi salati.

A asibiti, bayan an yi masa aiki, Auta ya faɗa wa Yaya yana kuka cewa guiwar ta daɗe tana ciwo. "Yaya, in na ɗaga hannu wani zai shiga, shi ke nan na koma benci. Ba wanda ya ce in huta — ni kuma na ji kunya." Kulob ɗin ya biya magani, ya sayi wani ɗan tsakiya, ya ci gaba da harkarsa. Wayar ejan ta daina shiga. Kawu kuma wata tafiya ta kama shi.

Koci ne ya zo. Bai ce "ai na faɗa" ba, ko da ido. Ya dubi ɗaurin, ya yi magana da likita, ya ɗauko yaron ya kawo shi gida. Ya fara da shi daga ɗaga ƙafa a kan gado, zuwa tafiya cikin ruwa, zuwa keke, kullum kaɗan-kaɗan, har shekara ta zagayo.

Yaya ta koma ɗakinta ta durƙusa ta ba mijinta haƙuri, hawaye na zuba. Ya ce ya yafe. Sai ya ƙara da cewa, "Duk abin da suka faɗa ban ji ba. Naki na ji." Bai taɓa ɗaga mata murya ba bayan nan, bai rage ta da komai ba, amma sunan tsokanar ya ɓace daga bakinsa. Kullum tana kasa kunne, kullum ba ta ji.

Ranar da Auta ya dawo wasa, a ƙaramin filin matasa ne, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba. Idon na nan, iya raba ƙwallon na nan, amma saurin nan da ake magana ya tafi, kuma kowa ya san ba zai dawo duka ba. Kawu ya zo, tunda an fara cewa yaron ya warke. Yaya ba ta kallon ƙwallo. Guiwar take kallo, tana kallon agogo.

Kafin awa ta cika, Auta da kansa ya ɗaga hannu. Aka ɗaga allo, lamba takwas.

"To fa, an koma gidan jiya," in ji Kawu.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji Yaya, "ƙafarsa ce, ba taka ba."

Ta miƙe ita kaɗai tana tafi, tana kuka, har yaron ya iso benci a kan ƙafafunsa biyu. Sauri kan haifi nawa, haka ake cewa. Abin da ba a faɗa ba shi ne, wani lokaci mai cire ka daga fili ya fi mai yi maka tafi ƙaunarka, kuma ba a gane shi sai an rasa abin da yake karewa.

Da aka tashi, Koci ya zo wucewa da jakar ƙwallaye a kafaɗa. Ya tsaya, ya dube ta jim kaɗan.

"Share fuskarki, Yaya," ya ce. "Mu je gida."